Yaranmu na rera taken ƙasa, amma wa ya koya musu shi?

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita. Ka tambayi kowane hedimasta ko ɗalibansa sun iya taken ƙasa, zai ce maka sun iya mana, ai kullum safiya sai an rera a asambili. Ni ban yarda an koya musu ba. Abin da yawancin yaranmu na firamare ke yi da safe bin sauti ne kawai. Suna kama ƙarshen kalma daga bakin na gabansu, na gabansu ma daga bakin na gabansa ya kama, a ƙare da ihu, a buga ƙafa, a shiga aji. Ka ja yaro guda gefe ka ce ya gaya maka abin da ya gama faɗa yanzun nan, sai ya tsaya yana kallonka.

Matsalar ta daɗe, amma abin da ya faru a 2024 ne ya fito da ita fili. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken da Najeriya ta yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin ranar 23 ga wata, Majalisar Dattawa ta bi baya ranar 28, washegari ya zama doka. Duka-duka bai wuce mako guda ba. Taken da aka dawo da shi wata Baturiyar Ingila mazauniyar Najeriya, Lillian Jean Williams, ta rubuta baitocinsa, Frances Berda ta yi masa kiɗa. Wanda aka ajiye kuwa an kawo shi ne a 1978 zamanin mulkin soja na Obasanjo, an haɗa baitocinsa daga rubutun 'yan Najeriya biyar, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya tsara kiɗansa. Shekara 46 ana rera shi.

To ku yi lissafin da kanku. Duk wanda bai kai shekara hamsin ba a 2024, bai taɓa rera taken da aka dawo da shi a makaranta ba kafin lokacin. Kusan duk malaman firamarenmu ke nan. An wayi gari ana tsakiyar zangon karatu na uku, an ce wa malami ya koyar da abin da shi kansa bai taɓa ji ba.

Na ga yadda aka yi a makarantar da yarana suke. Wata malama ce ta tsaya kan barandar ofis, ta ɗaga wayarta sama, ta kunna sautin da wani ya turo mata ta WhatsApp. Yara cike da fili, rana ta fara zafi. Layin gaba ne kaɗai ke ji, na baya sai gunguni suke yi suna motsa baki don kada mai bulala ya gan su shiru. Yaran da ke buga ganga kuwa hannunsu ya riga ya saba da kiɗan taken da aka ajiye, suna farawa sai su zarce can, a tsayar da su, a sake. Bayan an watse na leƙa wani aji, na tarar an rubuta baitin farko a allo da alli, har da kurakuran rubutu, yara na kwafewa da kurakuran. Ban ga laifin malamar nan ba ko kaɗan, wallahi ta yi iya ƙoƙarinta, da datarta ma ta sauke sautin. Da daddare na tambayi 'yata, wadda take aji huɗu a lokacin, me sabon taken yake cewa. Ta ce, "Baba, ai Turanci ne. Malama ta ce mu dai haddace, ranar Litinin za a tambaye mu."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abin da ke cikin taken ba abin yarwa ba ne. Baiti uku ne. Na farko yana cewa ko da ƙabilunmu da harsunanmu sun bambanta, 'yan uwan juna muke, kuma muna alfahari da yi wa ƙasarmu hidima. Na biyu yana maganar tuta, cewa ta zama alamar gaskiya da adalci, kuma mu miƙa ta ga 'ya'yanmu ba tare da ta ɓaci ba. Na uku addu'a ce zalla, ana roƙon Mahaliccin kowa da komai ya taimake mu mu gina ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta, ya ba mu zaman lafiya da wadata. Ku dubi wannan baiti na uku da kyau. Wane yaro ne a Zamfara ko Katsina ko Borno ba zai gane addu'ar zaman lafiya ba idan aka faɗa masa da harshen da yake ji? Yaron da aka taɓa rufe makarantarsu saboda tsoron 'yan bindiga ya fi mu sanin abin da ake roƙo. Yaron da yake zaune benci ɗaya da ɗan Ibo mai shagon kayan gyaran mota na bakin titi, baitin farko labarinsa yake bayarwa. Amma mun bar su suna furta wannan duka ba su san da su ake ba.

Kuma mu Hausawa mun san yadda ake koyar da yaro da waƙa. Je ka Islamiyya da yamma ka ji yadda ƙananan yara ke rera waƙen rukunan Musulunci da na ladubba da Hausa. Yarinya tana shara a tsakar gida tana rerawa, ka tsayar da ita ka tambaye ta, ta yi maka bayani tiryan-tiryan, domin malaminta ya faɗa mata ma'ana kafin ya ce ta haddace. Dabarar tana hannunmu tun kaka da kakanni, makarantar boko ce ta ƙi ɗauka.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa sosai a 2024: ana fama da tsadar abinci, an cire tallafin mai, shi ne za a dame mu da waƙa? Ni ma ina cikin waɗanda suka ga an yi gaggawa, kuma ba a tambayi jama'a yadda ya kamata ba. Amma aikin gama ya gama, doka ce yanzu. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da taken ƙasa da alƙawarin biyayya ga ƙasa. Idan har za a tsayar da yaro a rana kowace safiya tsawon shekara shida na firamare saboda wannan, to haƙƙinsa ne ya san abin da bakinsa ke faɗa. Ba na son a saba wa ɗana furta alƙawarin da bai fahimta ba, domin wanda ya girma a haka ba zai ɗauki rantsuwar kama aiki da nauyi ba ranar da aka ɗora masa Alƙur'ani a hannu.

Wasu kuma za su ce Turanci ne ya haɗa mu, a bar shi haka. Ban ce a daina rera shi da Turanci a taron gwamnati ba. Amma ƙasashe da yawa sun nuna ba dole ne taken ƙasa ya zama baƙo a kunnen 'ya'yanta ba. Na Tanzaniya da Swahili ake rera shi. Na Afirka ta Kudu, tun 1997, harsuna biyar aka haɗa a cikinsa. Maƙwabtanmu na Nijar ma a Yunin 2023 suka ajiye taken da wani Bafaranshe ya rubuta musu a 1961, suka kawo na kansu. Abin da nake nema bai ma kai wannan ba: fassara ingantacciya, mai daɗin rerawa, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunanmu, wadda za ta isa kowane aji. Muna da sassan nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, muna da marubuta waƙoƙi a kowane gari waɗanda suka san kari da amsa-amo. Baiti uku ba zai gagare su ba. Hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, NOA, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su buga shi a takarda guda, Turanci a gefe, harshen gida a gefe, a manna a bangon aji.

Da taken da tarihi kuma tare suke tafiya. An yi shekaru an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a dawo da shi, kuma har yau muna ganin illar hakan. Yaro na sara wa tuta bai san wani ɗalibi ne, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959 ba, bai san koren na nufin albarkar noma, farin na nufin zaman lafiya ba. Bai san a daren da aka shiga 1 ga Oktoban 1960 aka sauke tutar Ingila a Legas aka ɗaga wannan ba, kuma ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne Firayim Minista a ranar. Ba wa yaro wannan labarin minti goma, ka ga yadda tsayuwarsa za ta sauya gobe da safe.

Duk wannan ma maganar waɗanda suka samu shiga aji ce. A ƙididdigar UNICEF yara sama da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Almajirin da ke riƙe da roba a bakin tasha da yarinyar da ke tallar gyaɗa ba su taɓa tsayuwar asambili ba. In sun ji taken, to a gidan kallon ƙwallo ne kafin Super Eagles su fara wasa, ko a rediyon mai shayi. Su ma 'ya'yan da baiti na biyu yake cewa a miƙa wa tuta ne.

A taron iyaye da malamai mai zuwa zan miƙe in roƙi hedimastanmu abu guda: kowace Juma'a, kafin a rera, malamin Hausa ya ɗauki layi biyu kacal ya yi wa yara bayaninsu, sannan ya kira yaro ɗaya daga layin baya ya maimaita da bakinsa. A haka kafin zango ya ƙare an zagaye baiti ukun. Kuɗin buga takardun da za a manna a azuzuwa kuwa, na riga na yi magana da iyaye biyu a unguwarmu, mun ce mu za mu biya.