Yadda Land Cruiser ɗina ta koma shagon zoɓo

Motata Land Cruiser ce ƙirar 1994, mai shan man gas, injinta silinda shida. Duk tsufanta ba ta da wani ciwo, in ban da ƙofar baya da sai an taimaka mata da gwiwa take rufuwa. Abin da ya ja mata shi ne niyyar da na ƙulla ta zuwa Gembu, can saman tsaunin Mambila. Na ji labarin hawan da ke farawa daga Mayo Selbe da hazon da ke rufe hanya wajen Nguroje, sai na ce tafiya irin wannan tana son fitilar kan rufi, da firij, da wurin adana kaya.

Na shiga Ƙofar Ruwa na yo sayayya: doguwar fitila mai wat 240, ƙaramin firij na mota, da batir na biyu. Na kai wa wani mai rewaya a unguwarmu. Ya kewaya motar, ya shafa bonet, ya ce, "Alhaji, wannan ai aikin shan shayi ne. Ka dawo bayan La'asar." Bai dai faɗi La'asar ɗin wace rana ba.

Daren da na karɓo ta, na kunna fitilar a titi. Gari ya waye nan take. Wani mai adaidaita sahu da ke tahowa ya rufe ido da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ya yi mini daƙuwa da shi. Ban gama jin daɗi ba sai ɗif, fitila ta ɗauke. Lissafin ba shi da wuya: wat 240 a kan bolt 12, amfiya 20 ke nan, shi kuwa gwanin nawa ya ɗora ta a kan fis mai 10. Da na koma, ya zare fis ɗin ya jefar, ya murɗa silin waya ya cusa a gurbinsa. "Fis ɗin yanzu ba su da ƙarko, Alhaji. Wannan har abada ba zai ƙone ba." Gaskiya ya faɗa. Bai ƙone ba, wayar bayan dashbod ce ta ƙone a madadinsa, hayaƙi na fitowa ta ramin rediyo.

Wani dattijon mai rewaya ne ya ceci motar. Ya sa waya mai kauri da rile da fis na kirki, yana aiki yana salati. Sai dai akwai wayar da har shi bai gano kanta ba. Har gobe in na danna hon, waifa sai ta ɗaga sau ɗaya, kamar mai amsa gaisuwa daga nesa.

Kariyar ɗora kaya ta kan rufi kuwa mai walda ya ƙera ta da ƙarfen da ya isa yin gadon asibiti. Motar da ma tsawonta daga ƙasa zuwa rufi ya kusa mita biyu, ƙofar gidana kuma akwai dakalin siminti a samanta. Na taho da ƙarfina, sai ƙaraas! Rabin mota a gida, rabi a layi. Maƙwabta suka fito, kowa da shawararsa. A ƙarshe yara ne suka sace iskar tayoyi huɗu, muka shige a durƙushe.

Kafinta ya yi durowa biyu a baya, ya lulluɓe su da kafet, ya ɗaure da noti ta ko'ina. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar da taya ta yi faci wajen Kwanar Ɗangora na tuna inda jak yake: cikin ɗan akwatin bangon baya, wanda durowa ta toshe ruf. Sifana ma tana can tare da shi. Ina tsaye a rana da ruwan sanyi a firij har wani direban tirela ya tausaya mini.

Saura batir. Wancan gwanin ya haɗa sabon da tsohon kai tsaye, babu abin da ke raba su in an kashe inji. Firij ya kwana yana aiki. Da asuba na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. Wanda aka sayo don ya ceci ɗan'uwansa, tare suka mutu. Na tare mutane a ƙofar masallaci. Motar da ta haura tan biyu, ga katako ga ƙarfen gado a ka, dattawa shida suna turi, liman yana ba da umarni daga gefe.

Dattijon nan ya sa na'urar da ke raba batiran, ya ba ni shawarar ɗora faifan sola a kan kariya. Wannan karon komai ya zauna daidai, kuma nan ne aka ƙwace mini mota. Hajiya ta lura cewa ko an ɗauke wuta, firij ɗin yana nan da sanyinsa. Kafin in ankara ya cika da zoɓo da kunun aya. Durowar dama ta robobi ce, ta hagu ta canji. Da na tayar da maganar tafiya, ta dube ni ta ce, "Malam, ba kai ka ce can sanyi ake yi ba? To me za ka yi da firij? Ga kuɗin mota, ka je tasha."

Jiya ma mai rewayan farko ya zo shan zoɓo, bashi. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya ce, "Alhaji, nan fa akwai wurin injin janyo mota in ta kafe, aikin shan shayi ne." Ban buɗe baki ba Hajiya ta leƙo daga soro tana tambayarsa ko batir ɗin zai ɗauki injin markaɗe.