'Yata ta san taken ɗan wasan bijimi, ba ta san taken mahauta ba

Da safe ina ɗaura wa 'yata igiyar takalmi za mu tafi makaranta, a nan Liyon ta Faransa, sai na ji tana gunguni da wani amo, tana buga ƙafa a ƙasa daidai da shi. Shekararta 5. Na ce, "Mamana, a ina kika samo wannan?" Ta ce, "A katun, Baba."

Taken ɗan wasan bijimi ne, daga Carmen, ta Georges Bizet, mai tsara kiɗa ɗan Faransa. Opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa da kiɗa, kuma an fara nuna ta a Paris ranar 3 ga Maris 1875. Labarin ba na yara ba ne ko kaɗan. Wata mace ce mai aiki a kamfanin taba a Sebil ta Sifen, wani soja ya haukace a kanta, da ta koma wa mai wasa da bijimi sai kishi ya ɗebe shi ya soke ta da wuƙa. Bizet ya rasu wata uku bayan fara wasan, yana da shekara 36. Daga baya abokinsa Ernest Guiraud ya tsamo wuraren da suka fi daɗin ji, ya cire muryoyi, ya jera su kashi biyu don makaɗa kawai. Wannan jerin ne ya shiga ɗakunan yara. Tom da Jerry sun yi guje-gujensu a kan kiɗan Carmen a 1962, shirin Little Einsteins na Disney da ya fara a 2005 kuma har sunan mai kiɗan yake faɗa wa yaro.

Ban ga laifin haka ba, na ma yaba. Sun bar wa manya wuƙar da kishin, suka miƙa wa yara amon. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya da yamma.

Na kunna mata kalangu a waya, irin wanda na tashi ina ji a Damagaram idan mahauta suna shagali. Ta saurara kaɗan, ta karkata kai, ta ce, "Baba, wannan ba ya waƙa." Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Kalangu fa magana yake yi! Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauko, har ya kira sunan mutum da na ubansa ba tare da ya buɗe baki ba. Ni a shekarunta, ko ina cikin ɗaki na san bambancin taken ɗan dambe da gangar noma, na san in kakaki ya tashi sarki ne ya fito. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, unguwa ce ta koya mini.

Ita ba ta da unguwar. Abin da ya fi damuna kuma, 'ya'yan ƙanena da ke gida su ma unguwar na suɓuce musu, don in na kira su ta bidiyo, katun ɗin waje nake jiyowa a bayansu.

Ga shi kuwa aikin da Guiraud ya yi, mu an riga an yi mana rabinsa. Take ai kiɗa ne da ya tsaya da ƙafarsa ba murya. Wasu za su ce kiɗan fada da na maroƙa bai dace da tarbiyyar yaro ba, akwai zambo, akwai roƙo. Na yarda akwai. To, Carmen fa, da kisan kai a ciki? Tacewa aka yi. Me zai hana mai shirin yara a Kano ko Maraɗi ya ba Gizo takensa da kuntigi, Ƙoƙi da sarewa, Botorami kuma in zai shigo a buga tambari, yaro ya ji gabansa ya faɗi tun kafin ya gan shi?

Tun daga ranar, in na yi mata "ga ta nan, ga ta nanku" da dare, sai in kifa ƙwaryar da mahaifiyata ta ba mu a kan katifa, in ƙwanƙwasa wa Gizo nasa kiɗan kafin ya bayyana. Jiya na manta ban buga ba, ta riƙe mini hannu ta ce, "Baba, ai Gizo bai zo ba tukuna."