Taragon bayan kan jirgi ba na kwal kaɗai bane

Mutane da yawa in sun ga tsoffin jiragen ƙasa masu tururi na Ingila sai su ɗauka taragon nan dake manne da kan jirgin kwal kawai yake ɗauka, kuma wai da shi aka ƙero jirgin har ya mutu. Ba haka bane wallahi, ruwan ma yafi kwal ɗin nauyi, kuma ana canza taragon. Dubi Flying Scotsman, wani shahararren kan jirgi mai tururi, a 1928 aka bashi wani sabon tarago mai galan 5,000 na ruwa da tan 9 na kwal saboda tafiyar Landan zuwa Edinbara ba tsayawa, shima ruwan baya isa sai jirgin ya kamfaci ruwa daga kwata a tsakiyar layi yana gudu. Da wuraren shan ruwa suka fara ɓacewa, a 1966 tarago na biyu aka ƙara masa, ruwa zalla.