Samari Masu Wasan Kwaikwayo, Ku Daina Koya wa Gari Jifa

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, wata ƙungiyar samari ta yi wasan kwaikwayo a filin firamare na wani ƙauye a ƙasar Ringim. An ce wasan tarihi ne. Yarinya ta kwanta ciwo tana sambatu, ta ambaci sunan wata tsohuwa, aka jawo tsohuwa aka ce ta tsallaka ta, ta ƙi, aka rufe ta da duka. Har nan babu laifi, don haka abin yake faruwa. A fitowa ta ƙarshe ne aka yi ɓarna. Tsohuwar ta durƙusa ta amayar da tsakuwa masu launi a kan tabarma, wai ƙanƙarar maita, yarinya ta miƙe garau, fili ya ɗauki tafi da shewa, yara na tsalle suna "a kashe ta!" Ga shi kuma yaron da ya fito a tsohuwar ya kwaikwayi ɗingishin wata baiwar Allah da kowa a garin ya sani.

Ƙannena, ku yi haƙuri da zafin maganar, amma wannan wasan naku wasa wuƙa ne. Duk wanda ya kalla ya koma gida da darasi ɗaya: in mara lafiya ya ambaci suna gaskiya ne, in an daki mai sunan za a warke. Bazara na tafe da sanƙarau, damina na biye da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, wanda ke sa yaro jijjiga da surutai. Ranar da wani yaro ya kwanta yana kiran sunaye, ƙofar wa kuke tsammani za a fara bugawa?

Wasan tarihi irin wannan yana da asali, kuma waɗanda suka iya shi sun san abin da suke farauta. Mafi shahara shi ne The Crucible na Arthur Miller, wanda aka fara nunawa a New York a watan Janairun 1953. A kan abin da ya faru da gaske aka gina shi. A 1692, a Salem da ke Amurka, 'yan mata biyu a gidan limamin coci, ɗaya 'yar shekara tara ɗaya sha ɗaya, suka fara faɗuwa suna ihu. Aka matsa a faɗi wanda ya kama su, sai aka ambaci mata uku: baiwar gidan mai suna Tituba, da wata mai bara, da wata mai fama da ciwo da ta daɗe ba ta je coci ba. Ku dubi waɗanda aka fara da su, marasa gata, kamar dai a nan. Daga nan wuta ta ci gaba har aka zargi mutum sama da 200. Tsakanin Yuni da Satumba aka rataye 19, mata 14 maza biyar, aka danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. Kotu ta karɓi shaidar "na ga kurwarta ta zo tana shaƙe ni", shaidar da ba mai iya ƙaryatawa tunda mai faɗa ne kaɗai ya gani. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu sai a bar shi da ransa, wanda ya dage bai yi ba sai igiya. Ashe ƙarya ce kaɗai ƙofar tsira, kuma kowace ƙarya tana haifar da sababbin sunaye. A watan Oktoba gwamna ya rushe kotun. A 1697 ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta tubansa a gaban jama'a. Ihu bayan hari.

To ku ji inda gwaninta take. Wasan Miller fitowa huɗu ne, kuma daga farkonsa har ƙarshe ba a nuna maye ko ɗaya ba. Tun fitowa ta farko mai kallo ya san yaran tsoron hukunci ne ya sa su ƙarya. Ya san wadda kishi ke ci, ya ji labarin mai kwaɗayin gonar maƙwabci. Da wannan sani a cikinsa yake zaune yana kallon dattawa da alƙalai suna aika mutane lahira, ba ya iya hanawa, kuma wannan ƙuncin shi ne amfanin wasan. Ku kuwa kuka zuba tsakuwa a kan tabarma. Da tsakuwar nan guda kuka wanke masu duka, kuka tabbatar da maganar boka, kuka mayar da zalunci magani.

Me ya kai marubucin tono abin da ya wuce shekara 260? Kukan kurciya jawabi ne. A zamaninsa ana farautar 'yan gurguzu a Amurka. A watan Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya ɗaga takarda ya ce sunayen 'yan gurguzu ne da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Wani kwamitin majalisar wakilai kuma yana kiran marubuta da 'yan fim, tambayar ɗaya ce: wa da wa ka gani a taro? Ka ambaci sunaye ka ci gaba da sana'arka, ka ƙi a toshe maka hanyar abinci. Shi kansa Miller an kira shi a 1956, ya ƙi ambatar kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 1958. Da ya fito ya zagi kwamitin da suna, da an ce ɗan gurguzu ne ke kare 'yan'uwansa. Sai ya yi hannunka mai sanda da tsohon labari, jama'a suka ga fuskarsu a ciki. Tarihi a wasa sutura ce, yana ba mai kallo damar ya ce "kai, mutanen wancan zamani ba su da imani", kafin ya farga da kansa ake.

Kuma ba sai kun je Amurka ba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma dattawan da suka ga abin da ya biyo baya ba su ƙare ba a Kano da Jigawa. 'Yan doka su kama mutum don ya yi taro ba izini ko an ce ya zagi sarki, a kai shi gaban alƙali, bulala da ɗauri su biyo. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku. Malam Aminu Kano shi kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo don farkar da talakawa. Ga kaya jibge a ƙofar gida, sa'a ɗaya da kakanku a zaure ta isa ta ba ku fitowa biyu. Amma ina, wa zai ajiye waya ya zauna? An fi son abin da za a yanka daƙiƙa talatin a ɗora a TikTok, kuma ba abin da ke jan kallo kamar dukan tsohuwa. Wasunku ma da safe 'yan wasa ne, da dare sojojin baka, a ba su kuɗin data su wuni liƙa wa bayin Allah sunan munafuki ko maƙiyin addini a Facebook. Sana'a ɗaya ce da ta 'yan matan Salem.

In har za ku taɓa labarin maita ko na sharrin siyasa, akwai wuraren da wasa ke karyewa. Minti arba'in ya isa, fitowa huɗu, 'yan wasa goma sha biyu zuwa sha biyar, don a fili ba lasifika in taro ya gaji surutu zai cinye maganar. Dalilin mai ƙazafi ya fito a minti goman farko, gado ne, bashi ne, kishi ne ko neman sarauta, domin in kun ɓoye shi sai ƙarshe jama'a sun riga sun bi bayansa, ba sa dawowa. Ciwon yarinyar a ga tushensa, ko da uwa ce za ta taɓa goshinta ta ce jikin kamar garwashi. Duka kuma a bayan zana ake yinsa, a ji kuka kada a ga sanda. Sanda a idon yara abin dariya ce, kukan da ba a ga mai yinsa ba shi ke sa fili ya yi tsit. Kada ku ba wanda aka fi so a ƙungiya, mai ban dariyar nan, matsayin jagoran masu duka, don duk inda ya tsaya nan tafi zai tsaya. Ku ba shi matsayin maƙwabcin da ya san gaskiya ya yi shiru, shi ne mutumin da ya fi yawa a kowane gari. Suna, lakabi, tafiya ko muryar wani mai rai a garin, haramun ne a kanku. Sannan liman da dagaci su ji labarin kafin ranar. Ban ga alamar an yi ko ɗaya daga waɗannan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ku 'yan makarantar allo ne da Islamiyya. Kun karanta a Suratul Hujurat cewa in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kuma sashen zato zunubi ne. Kun san ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, yadda ya zaga Madina daga baki zuwa baki har Suratun Nur ta wanke ta. Kun haddace cewa hujja tana kan mai da'awa. Wace hujja ce a sambatun mai zazzaɓi? A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida Sallah, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe 16, da yawansu 'yan ƙasar Bunkure. Mun yi kuka, mun ce ina bincike, ina shari'a. Laifi tudu ne. Ihun da ya kashe su shi ne kuka koya wa yara ranar Asabar, kalmar kawai kuka canza.

Da ba haka ake ba. Yaran tashe kan tsokani gwauro da marowaci da mai kwaɗayi, a wasan gauta a kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansa, ya gane abin da ake nufi ya gyara. Wasa sama yake harbi, ko ya taɓa halin da kowa ke da shi. Ba a san shi da bin gwauruwar da ba ta da ɗa namiji a gari ba. Malamin firamare na da sai ya zauna a gwaji uku ko huɗu kafin ya bari a fita fili, ya soke abin da zai zubar da mutuncin wani. Dattijo ɗaya kan ɗaga sanda ya ce a tsaya, a tsaya ɗin. Ranar Asabar dattawa na kan benci a sahun gaba, da su aka yi dariyar.

An ce kuna shirin zaga ƙauyuka da wasan nan tunda an gama girbi. Ku zubar da tsakuwar, ku cire ɗingishin, ku sake fitowa ta ƙarshe tukuna. Kafin nan, shugabanku da yaron da ya ɗaura zanin su je su durƙusa su gaida baiwar Allahn nan, da rana, a kan idon mutane.