"Minti Biyu Kawai Na Tsaya": Nasiha Ga Ƙannena Masu Tuƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranar Lahadin da ta wuce, muna dawowa daga kasuwar Gujungu da la'asar sakaliya, na ga abin da ya tsaya mini a rai har yau. A wani ɗan gari da ke bakin titin Kano zuwa Haɗeja, wani matashi ya tsayar da Sharon ɗinsa yana lodin fasinja, tayoyinta huɗu duk a kan kwalta, alhali ga fili nan fetal a gefensa wanda zai ci mota goma. A ɗaya hannun kuma wata motar kaya ƙirar kanta ce ake sauke mata buhunan gero, ita ma rabinta a kan titi. Wani dattijo ya taho a kan kekensa da damin harawa a baya, ya rasa inda zai raɓa, dole ya faɗa tsakiyar titi a daidai lokacin da wata tirela ta kunno kai. Allah ya taƙaita, direban tirelar ya taka birki har tayoyinsa suka yi hayaƙi, amma garin kaucewa dattijon ya bugi bodin kantar ya faɗi, hannunsa ya karye. Da jama'a suka yi wa mai Sharon ca, abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Wallahi minti biyu kawai na tsaya." Ko jiran a ɗaga tsohon bai yi ba, ya cike gurbin da ya rage ya ja motarsa.

Ƙannena direbobi, da masu adaidaita sahu, da masu kurkura, da 'yan acaɓa, da ku nake magana, kuma ba a matsayin baƙo ba, domin ni ma shekara bakwai na yi ina yaron mota kafin a damƙa mini makulli. Wannan kalma ta "minti biyu" ta zama annoba a cikinmu. Da ita ake tsayawa a kan kwana, da ita ake tsayawa a bakin gada, da ita ake toshe ƙofar makarantar firamare lokacin tashin yara, da ita ake rufe hanyar shiga asibitin gari, mai naƙuda tana cikin amalanke tana jiran a matsa. Kowa minti biyu, kowa minti biyu, har wuni ya ƙare titin bai buɗe ba.

Ku zo mu yi lissafi, tunda kun ce minti biyu ba komai ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye kimanin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya ɗaga ƙafarsa ya kai kan birki, ya riga ya shafe wannan tazara ko fiye da ita. To ina ga tirelar da ta ɗauko buhun siminti 600, wato tan 30, ban da nauyin jikinta? Ita ba a tsayar da ita da fatan baki. Yawancin manyan titunanmu masu hannu biyu faɗinsu bai wuce mita bakwai da 'yan kai ba. Idan ka ajiye mota mai faɗin kusan mita biyu a wannan gefe, ɗan'uwanka ya ajiye tasa a wancan gefe, abin da kuka bar wa duniya shi ne ɗan siririn lungu da tirela da keke da mai talla da akuya za su yi rububinsa. Wanda ya fi kowa rauni shi ne zai biya kuɗin minti biyunka da ƙashin jikinsa. Dokar hanya ta ƙasa ta ce gudu a cikin gari kada ya wuce kilomita 50 a awa, ta kuma hana ajiye mota a kan kwana da mahaɗa da gada da kan tudu, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988 tana faɗar haka. Amma jami'inta ba zai kwana a kowane ƙauye ba, kuma bai kamata a ce sai mun hango motarsu sannan mu tuna cewa akwai rai a kan hanya ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne masu tafiya a ƙasa sun ƙaru. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabi har ta taɓa haura naira 1,000, mutane da yawa sun jingine baburansu. An ciro tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix daga rumbu an kai wa mai faci ya tashe su. Malamin makaranta ya koma keke, manomi yana taka sayyada zuwa gona, 'yan mata suna ɗaukar tallan fura da awara daga wannan ƙauye zuwa wancan a ƙafa. Duk waɗannan bakin kwalta ne hanyarsu, ba su da wata, kuma shi ne wurin da kuka mayar da shi tasha. Keke ba abin raini ba ne, shi ya yi wa iyayenmu hidima shekara da shekaru, ba ya shan mai, yana kuma ƙara wa mai shi lafiya. Amma yau uba yana tsoron ya sayo wa ɗansa keken zuwa makaranta saboda ku.

Ba ku kaɗai ne masu laifi ba, wannan gaskiya ne. Mai tireda da ya turo teburinsa har bakin kwalta yana da nasa kason, haka manomin da ke shanya shinkafa ko barkono a kan titi da kaka ya jera duwatsu ya tafi gida, ya manta bai kwashe duwatsun ba har dare ya yi. Fasinja ma da ke cewa a sauke shi daidai ƙofar gidansu ko da a tsakiyar kwana take, shi ma abokin tarayya ne. Ban ma so in shiga zancen yaran da ba su kai shekara goma sha biyar ba da ake ba su babur ranar ɗaurin aure suna ɗaga ƙafar gaba, ko masu haɗiyar ƙwaya da sunan maganin gajiya, ko mai tuƙi da hannu ɗaya waya na kunnensa, domin idan na fara ba zan gama ba. Amma duk da haka sitiyari a hannunku yake. Fasinja ba shi ne ya taka birki a kan kwalta ba.

Mu a zamaninmu ba haka aka koya mana ba. Yaro yakan fara da wankin mota da duba ruwa da baƙin mai, sannan ya koyi ɗaure kaya da igiya, sannan a ba shi waigi ya riƙa dira yana sa wa taya idan an tsaya a gangare. Sai ya yi shekaru a haka kafin ya taɓa giya. Abu na farko da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya koya mini shi ne yadda ake tsayawa, tun kafin ya koya mini yadda ake tafiya. Sai ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka dubi gabanka da bayanka, ka tabbata mai keke zai wuce ba tare da ya leƙa titi ba. Idan mota ta lalace, yaro ne zai ruga ya jera ganye tun daga nesa, kuma idan an gyara shi ne zai koma ya kwashe. Bayan la'asar manyan direbobi sukan zauna a gindin bishiyar tasha, wannan ya ce kwalbatin wuri kaza ya zaizaye, wancan ya ce shanu suna tsallaka hanya a wuri kaza da magariba, mu yara muna gefe muna kwasa. Wanda ya yi lodi a wajen tasha a nan za a kira shi a gaban kowa a ci shi tara, kuma kunyar ta fi kuɗin ciwo. Ilimin hanya na kowa ne a lokacin, ba mai ɓoye wa ɗan'uwansa.

Yau fa? Yaro ya koyi tuƙi cikin mako biyu a filin ƙwallo, a karɓo masa mota a kan biyan kuɗi kullum, ya hau titi babu wanda ya taɓa zaunar da shi. Tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013 babura suka cika ƙauyukanmu, sannan adaidaita sahu da kurkura suka biyo baya, kowane rukuni da shugabanninsa da rasitinsa, amma ban taɓa ganin sun haɗu a inuwa ɗaya sun tattauna inda kowa zai tsaya ranar kasuwa ba. Karɓar kuɗin tikiti ba a fashinsa, nasiha kuwa ta ɓace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma manya mun zuba ido har ya bushe, don haka laifin ya shafe mu.

Ku je Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Dambatta ranar Lahadi, ku ga yadda motocin dabbobi da na hatsi da na fasinja suke cakuɗewa a bakin kasuwa. Ku da kuke kwana kuna tashi a wuraren nan kun fi kowane injiniya sanin inda matsalar take, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me zai hana ku zauna da junanku, da sarkin kasuwa da mai gari, ku fahimci juna? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da mu bai wa hanya haƙƙinta, ya lissafa kamewa daga cutar da mutane a cikin haƙƙoƙin, ya kuma sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Wanda aka yi wa alkawarin lada don ya ɗauke ƙaya, ina matsayinsa idan shi ne ya ajiye ƙarfe mai nauyin tan biyu a tsakiyar hanya ya tafi shan shayi?

Na san za ku ce fasinja ya yi wuya, idan ka shiga tasha wani zai kwashe na bakin titi, ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai mota yana jiranka da dare. Na sani, na ɗanɗana. Amma garin neman gira ake rasa ido, kuma kuɗin kujera ɗaya ba zai biya karayar hannun tsoho ba. Shekaranjiya na bi ta garin na tambayi lafiyar dattijon, aka ce an kai shi wajen mai ɗori, kuma shi kaɗai ne ke ciyar da gidansa da jikoki huɗu marayu. Kekensa yana jingine a rumfar mai faci, ƙafar gaba ta lanƙwashe. A daidai wurin da ya faɗi kuwa, wata motar ce tsaye a kan kwalta tana lodi.