Tudun da ido ba ya gani

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini. Na je masa ziyara a garin da yake aiki, wani birni na bakin teku, ya ga kwana biyu daga kujera sai gado, sai ya ce, "Kawu, gobe mu ɗauki hayar keke mu bi bakin ruwa. Hanyar a shimfiɗe take kamar faranti, ba tudu ba gangare. Tsofaffi ma suna yi."

Wannan "tsofaffi ma" ita ta kai ni ta baro. Da bai faɗe ta ba, da na ce gwiwata na ciwo, magana ta ƙare. Amma ina ji sai na gyara zama na ce masa lokacin da nake sakin hannu a kan keke ko uwarsa ba ta fara tafiya ba. Abin da ban faɗa ba shi ne rabona da hawa keke ya haura shekara 20.

Wurin hayar yana can ƙarshen wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, kusa da hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Daga nan hanyar keke ta taso, ta bi gefen ruwa tana shiga cikin gari. Keken da aka turo mini irin na yawon bakin teku ne: taya mai kauri, sirdi mai faɗi, kan keken ya lanƙwaso baya yadda mutum zai zauna a miƙe kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Giya ɗaya tal. Da kwando a gaba. Mai hayar ya yi mini bayanin abu biyu, ɗaya yana nuna feda, ɗaya yana nuna wata tuta da ke kaɗawa a bakin ƙofarsa. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa "to, to", alhali hankalina yana kan hular kwanon da aka ba ni, wadda ta zauna mini a ka kamar an kife tukunya.

Mun tashi wajen ƙarfe 11 na safe. Minti biyar na farko keken ya yi ta rawa, ni ma ina taya shi, daga baya muka sasanta. Sai jikina ya tuna wani salo na ƙuruciya: idan gudu ya yi daɗi, ka juya feda baya, sarƙa ta yi ƙarar nan mai daɗi, 'yan kallo su san gwani ne ke wucewa. Na duba, ga mutane zaune a kan benci. Na juya feda baya da ƙarfina.

Keken ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Cikina ne ya fara isa kan keken, hular kwano ta rufe mini ido, ƙararrawa ta buga da kanta. Ashe abu na farko da mai hayar ya yi ta nuna mini ke nan: irin wannan keken birkinsa a cikin cibiyar tayar baya yake, juya feda baya shi ne taka birki. A hannu babu komai sai roba. Yaron ya dawo yana danne dariya ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce gwada birkin nake yi, direban kirki ba ya shiga hanya bai gwada birki ba. Wata mata a kan benci ta tafa mini.

Daga nan kuma sai abin ya zama kamar a mafarki. Wallahi ban taɓa jin keke ya yi mini biyayya haka ba. Ina taɓa feda kaɗan sai ya sulale. Ruwa na ƙyalli a hannun dama, ƙananan jiragen ruwa a ɗaure suna ta gyangyaɗi, tsuntsayen teku na shawagi, ni kuwa ko gumi babu. Ko iska ban ji tana dukana ba, duniya ta yi tsit. Muka hau wata doguwar gada ta katako, tayoyi na kaɗa allunan ɗaya bayan ɗaya, na yi wa John Dunlop godiya a zuciyata, likitan dabbobin nan da ya ɗaura wa keken ɗansa tayar iska a 1887, don da a kan busasshiyar roba nake da haƙorana sun zube a wurin. Na wuce wani saurayi mai gudun motsa jiki. Na wuce wasu mata biyu. Har ɗan ƙanwata na wuce, na buga masa ƙararrawa. A kilomita 6 ya ce mu juya, na ce ai yanzu jinina ya fara ɗumi. A kilomita 10 ya sake cewa, "Kawu, ka tuna fa da ƙafarmu za mu koma." Na ce yaran zamani ba su da ƙashi.

Sai da muka yi kilomita 14 na yarda muka tsaya, shi ma don hanyar ce ta ƙare a wani fili na yashi.

Na tura keken har kusa da ruwa, na kwantar da shi a kan yashi mai laima, na cire takalmi na ajiye a gefensa, na koma inuwa na miƙe. Yaron ya tafi ɗaukar hotuna. Niyyata in rufe ido minti goma. Abin da mutumin da bai saba da teku ba ya kan manta shi ne ruwan ba a wuri ɗaya yake kwana ba. Wata yana jansa, a yawancin gaɓoɓi ya cika ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Yashin nan mai laima da na ga ya yi daɗin ajiye keke, laimar tasa sanarwa ce cewa mai wurin ya fita ne kawai, zai dawo. Ya kuwa dawo. Da na farka, kumfa na wasa a cikin kwandon keken, takalmina ƙafa ɗaya yana nan, ɗaya kuma ya kama hanyar wata ƙasa ba fasfo. Sai da na shiga ruwa har gwiwa na kamo shi.

Ƙarfe uku muka juyo. Ina ɗora ƙafa a feda na ji kamar wani ƙato ya dafe mini ƙirji. Na sauka na duba taya, iska na nan. Na duba ko birkin ne ya riƙe, lafiya lau. Na sake hawa. Rigar da na sa mai yalwa ce, nan take ta cika ta kumbura ta baya, na koma kamar jirgin ruwa mai filafilai wanda aka juya wa hanya.

Yaron ya matso kusa yana magana da ƙarfi don iska na kwashe rabin kalmomin. Wai da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, sai mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Tana farawa da hantsi a hankali, ta yi ƙarfi bayan azahar. Da safe ita ce ta yi ta tura ni ta baya, shi ya sa ban ji ta ba, tafiya ɗaya muke yi. Wato duk gwanintar da na yi ta taƙama da ita aro ce, yanzu kuma mai abu ya zo karɓa. Ya ƙara da wani lissafi da ban roƙe shi ba: idan gudun iskar da ke dukan mutum ya ninka biyu, turin da take yi ninkawa huɗu yake yi. Ka yi gudun kilomita 15 a awa, ita ma ta taho da 15, to kamar kana keta ta da 30 ne.

Na ce, "Kai, da ka san duk wannan me ya hana ka faɗa tun safe?"

Ya ce, "Kawu, mai hayar ya faɗa. Tutar nan da ya nuna maka."

Abu na biyu ke nan.

Tudu na gaskiya yana da mutunci. Kana ganinsa, ka san inda ya ƙare, in ka kai sama ya biya ka da gangare. Wannan kuwa ba shi da ƙololuwa, kuma ba wanda zai tausaya maka, don duk mai kallo hanya yake gani a shimfiɗe da wani babban mutum yana nishi a kanta. Ga giya ɗaya, babu wadda zan sauka in samu sauƙi. Ga zaman nan na miƙe da na yaba da safe, ya mai da ƙirjina allo. Na gwada duƙawa kamar 'yan tsere, kwandon ya tokare mini haɓa. Sarƙar kuma, da ta sha ruwan gishiri da yashi, ta fara wani kuka, ƙiii, ƙiii, duk juyi ɗaya, kamar tana kai ƙarata. Takalmin dama yana amsa mata da caɓal, caɓal. Sirdin nan mai faɗi da na ɗauka kujerar sarauta ce, a kilomita na 20 ya fara gaya mini abin da ke ransa.

Saurayin nan mai gudu ya wuce ni. A ƙafa. Sai wata tsohuwa mai furfura ta zo ta wuce fiu, a zaune daram, ko numfashinta bai canja ba, har da ɗan kare a kwandonta yana kallona. Na ce ina, wannan kam ba za a yi da ni ba. Na miƙe tsaye a kan feda na bi ta. Na yi ta bi har idona ya fara ganin taurari da rana tsaka, ita kuwa tana ƙara ƙanƙancewa a gabana. Sai da muka same ta a tsaye wajen shan ruwa na hango batir a ƙarƙashin kariyar kekenta. Da injin lantarki na yi tsere.

Kilomita uku na ƙarshe ban iya juya feda ba. Na zauna a sirdi na sauke ƙafafu ƙasa ina tura kaina da su, dama, hagu, kamar agwagwa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, ka san keken farko da wani Bajamushe, Karl Drais, ya ƙera a 1817 ba shi da feda? Haka ake tuƙa shi daidai." Na ce idan muka isa gida zan kira uwarsa.

Zuwa mun yi shi a awa ɗaya. Dawowa ta ci biyu da rabi. Mai hayar ya karɓi keken, ya juya feda, ya saurari kukan sarƙar, ya zazzage yashin kwando, sannan ya dubi wandona da ya jiƙe har gwiwa. Bai ce komai ba, ya jawo mini kujera.

Na ce masa na gode, na fi son tsayuwa.