Takardar VIO ba ta san lafiyar injin babur ba

A wajen cinikin tsohon babur, da zarar mai saye ya fara leƙa ƙarƙashin tanki sai dillali ya zaro takardu: ga lasisi, ga inshora, ga shaidar VIO, wato jami'an duba lafiyar ababen hawa, duk ba su ƙare ba. Nan da nan hankalin mai saye ya kwanta, alhali a wurare da dama ana biyan kuɗin wannan shaida ne tare da sabunta lasisi, a miƙo takarda ba tare da jami'i ya taɓa birkin babur ɗin ba. Abin da take tabbatarwa shi ne an biya kuɗi.

Ko an yi binciken tsakani da Allah, iyakarsa abin da ya shafi haɗari a ranar: birki, taya, fitila, sigina, oda, madubi. Ba aikin jami'in ba ne ya gaya maka fistin ya kusa cinyewa. Kuma a ara wa babur taya da madubi a kai shi dubawa, a dawo a kwance, ba wuya ba ne. Saboda haka mai shirin sayen Boxer, Jincheng, Haojue ko roba-roba na hannu, shi ne VIO ɗin kansa.

A fara da lamba kafin ƙarfe. Lambar shasi tana wuyan babur, ta inji tana jikin injin daga ƙasa, yawanci ta hagu. Dole su yi daidai da na rasit da sauran takardu, harafi da harafi. Wurin da aka kankare, ko sabon fenti a kan lamba kaɗai, ya isa a fasa ciniki, don wanda aka kama da babur ɗin sata a hannunsa shi ke fara kwana a ofishin 'yan sanda.

Sai inji, kuma a nan ne akasarin masu saye ke faɗawa. A je da sassafe, a dafa injin a tabbatar da sanyi yake. Dillalin da ya riga ya ɗumama babur kafin ka iso yana da abin ɓoyewa, domin injin da ya gaji ya fi nuna halinsa a tashin farko. Lafiyayye yana tashi a bugu ɗaya zuwa uku, ya tsaya da kansa ba tare da ana murza masa wuta ba. In ƙafa ta sauka da kik salalam ba turjiya, matsin injin ya tafi. A tsaya ta baya a kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, ko ringi ya cinye ko robobin bawul sun saki, kuma wannan aikin buɗe inji ne. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, galibi daga kafireta ko matatar iska da ƙura ta toshe, gyaransa da sauƙi. Fulogi ma yana faɗin gaskiya: ruwan ƙasa a bakinsa lafiya, baƙi mai danƙo kuwa mai ne ke hawa. A zaro ma'aunin baƙin mai a murza a yatsa. Waɗannan injuna kusan lita ɗaya kawai suke ɗauka, don haka wanda ya saba tafiya da rabi ya riga ya ci kansa. In man ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba shi ne don ya danne ƙara. Ƙarar kacau-kacau daga gefen silinda sarƙar taimin ce ta saki, gyaranta bai kai ya kawo ba. Bugu mai nauyi daga can ƙasa kuwa, wanda ke ƙaruwa in an ba da wuta, na karanshaf ne. Wannan a bar wa mai shi kayansa.

Kada a kula da mitar da ke ƙirga nisan tafiya. Yawancinsu wayar ta tsinke tun tuni.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma ba a cika dubawa ba, shi ne ƙashin babur. Wanda ya yi shekaru yana ɗaukar buhu uku ko mutum huɗu a hanyar ƙauye, shasinsa yakan tsage a wuya ko ƙarƙashin kujera. A cire kujera da murafun gefe a nemi sabuwar walda. A ɗora shi a tsayuwar tsakiya, a ɗaga ƙafar gaba, a juya kai dama da hagu: in yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu. A kama ƙafar baya a girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ta yi wasa ba. A tsuguna ta baya a hango ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya, don babur da ya taɓa cin karo yakan tafi a karkace, ya riƙa cin taya ta gefe guda. Mai a jikin shakazoba na gaba alama ce ta robar da ta fashe, kuma yakan gangara har cikin birki.

Sarƙa ta yi wasan milimita 20 zuwa 30 a tsakiya. In an ja ta har ƙarshen ma'auni, ko haƙoran da take hawa sun yi tsini sun lanƙwashe, a lissafa kuɗin saiti gaba ɗaya. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara biyar a zafinmu ta bushe ko da zanenta bai goge ba. Birkin gaba kuwa, da yawa an sassauta shi ko an cire wayarsa saboda camfin cewa shi ke kayar da mutum, alhali shi ke ɗaukar kaso mafi girma na tsayawa. A gwada kowane birki shi kaɗai. A gwajin hawa, a sa giyar ƙarshe ana tafiya a hankali sannan a murza wuta: in ƙara ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Batir mai kyau yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki.

A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin ba su da hurumin tare ababen hawa a titi, kamawa ko cin tara. A ganina wannan dama ce ta koma wa ainihin aikin. Duba birki, wuya, taya da fitilun babur bai fi minti goma sha biyar ba, kuma ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Jihohi su kafa wuraren dubawa kusa da kasuwannin babura, a rubuta a takardar abin da aka gwada da sunan wanda ya gwada. Jihar da ba za ta iya ba, ta kira kuɗin haraji kawai. Kafin nan, mai saye ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya nuna masa ba, kuma ya biya shi kuɗin dubawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.